Mahdi Bazargan, dattijon da ya nemi a gaya wa talakawan Iran dalilin ci gaba da yaƙi

Ranar 24 ga watan Mayun 1982 sojojin Iran suka ƙwato birnin Khurramshahar daga hannun dakarun Iraƙi, bayan birnin ya yi wata goma sha tara a hannun abokan gaba. A Tehran jama'a sun cika tituna ana ta kabbara. Kafin watan Yuni ya ƙare, Saddam Husaini ya ba da sanarwar janye sojojinsa zuwa kan iyaka, ya ce a shirye yake a tsagaita wuta. Duk wanda ya ji wannan labari zai ce to, an zo ƙarshe ke nan. Amma yaƙin bai tsaya ba sai bayan wasu shekaru shida.

A cikin Iran, mutanen da suka iya buɗe baki suka tambayi dalilin waɗannan shekaru shida ba su da yawa. Wanda ya fi fice a cikinsu wani dattijon injiniya ne mai shekara 74 a lokacin, sunansa Mahdi Bazargan, faraministan farko bayan juyin juya halin 1979. Bai taɓa cewa Iran ta yi laifi da ta kare kanta ba. Abin da ya dage a kai shi ne, yaƙin da aka fara da hujja yana iya wayar gari hujjarsa ta ƙare, kuma iyayen da ake kai ƴaƴansu fagen daga suna da haƙƙin a gaya musu gaskiya. Na san wani mai karatu zai ce wannan ai rigimar ƴan Shi'a ce da ƴan Ba'as, ina ruwanmu. A yi haƙuri a karanta har ƙarshe, domin tambayar da mutumin nan ya yi ba ta da mazhaba.

Ɗan kasuwa, ɗan boko, mai salla

An haifi Bazargan a shekarar 1907. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne a Tehran, asalinsa mutumin Tabriz, kuma an san shi da riƙo da addini. Ita kanta kalmar bazargan a Farisanci ma'anarta ɗan kasuwa. A ƙarshen shekarun 1920, gwamnatin Sarki Riza Shah ta tura ɗalibai Turai karatu da kuɗin hukuma, Mahdi yana cikinsu. Ya fara zama a birnin Nantes na Faransa, daga nan ya shiga babbar makarantar injiniyoyi ta École Centrale a Paris, inda ya ƙware a ilimin zafi da ƙarfin injuna. Ya koma gida a tsakiyar shekarun 1930, ya kama koyarwa a Jami'ar Tehran, har ya kai ga shugabantar tsangayar injiniyoyi.

A wancan zamani ɗan boko a Iran kunyar salla yake ji a gaban abokansa. Riza Shah ya hana mata lulluɓi, ya tilasta wa maza tufafin Turawa, kuma yawancin masu ilimin zamani suna ganin addini kayan tsofaffi ne. Bazargan bai bi wannan ayari ba. Shi ne ya sa aka ware ɗakin salla a tsangayarsa, ya kuma riƙa yi wa ɗalibai Musulmi lacca. Ya rubuta littattafai da dama yana ƙoƙarin nuna cewa kimiyya da imani ba kishiyoyi ba ne: akwai wanda ya yi a kan hukunce-hukuncen tsarki da hikimarsu ta fuskar lafiya, akwai wanda ya yi nazarin tsawon ayoyin Alƙur'ani da lissafi don gano jerin saukarsu. Abin da ya ɗauko daga Faransa shi ne ganin yadda mutane ke kafa ƙungiyoyi da kansu, su yi zaɓe, su tuhumi shugabanni, ba tare da ƙasa ta rushe ba. Ya yi imani cewa Musulmi ya fi kowa cancantar wannan, tunda shi bai yarda ya rusuna wa kowa ba sai Allah.

Man fetur da gidan kaso

A shekarar 1951 majalisar Iran ta mayar da man fetur mallakar ƙasa, ta ƙwace shi daga kamfanin Ingila da ya daɗe yana kwasar ribarsa. Faraminista Muhammad Musaddak ya naɗa Bazargan shugaban kwamitin riƙo na sabon kamfanin mai na ƙasa, ya tura shi kudu ya karɓi ragama daga hannun Turawa. Babban ofishin kamfanin a Khurramshahar yake, wato birnin nan da muka fara magana a kansa. Ke nan lokacin da Bazargan yake maganar Khurramshahar bayan shekara talatin, ba sunan da ya gani a taswira yake faɗa ba.

A watan Agustan 1953, hukumomin leƙen asirin Amurka da Ingila suka ɗaure wa sojoji gindi aka kifar da Musaddak, Sarki Muhammad Riza Shah ya dawo da ƙarfinsa. Bazargan ya sa hannu a takardar adawa da sabuwar yarjejeniyar mai ta 1954, aka kore shi daga jami'a tare da wasu malamai, a 1955 kuma aka kama shi. A 1961 shi da Ayatullahi Mahmud Taliƙani da Yadullah Sahabi suka kafa Ƙungiyar Ƴancin Iran, wadda ake kira Nahzati Azadi. Manufarta a bayyane take: Musulunci, kishin ƙasa, da tilasta wa sarki ya bi kundin tsarin mulki.

Farkon 1963 aka sake kama shi, kotun soja ta yanke masa ɗaurin shekara goma. A gaban alƙalan ya gargaɗe su cewa ƙungiyarsa ita ce ta ƙarshe da za ta yi adawa da sarki ta hanyar doka, waɗanda za su biyo baya kuwa da wani yare za su zo. Haka aka yi. Wasu samari da suka taso a cikin ƙungiyar tasa suka ɓalle a 1965 suka kafa Mujahidin Khalƙ, suka ɗauki bindiga. An sake shi a 1967, ya koma aikin injiniya da rubutu, sai a 1977 ya shiga cikin waɗanda suka kafa kwamitin kare ƴanci da haƙƙin ɗan Adam na Iran.

Wata tara a kan kujera

Da zanga-zangar 1978 ta yi ƙarfi, Bazargan ya je Faransa ya gana da Ayatullahi Khumaini, wanda yake zaman gudun hijira a wani ƙauye kusa da Paris. Ya ba da shawarar a bi a hankali, mataki bayan mataki, a fara da zaɓe na gaskiya. Khumaini bai karɓa ba, Bazargan kuma ya sauko ya bi. Khumaini ya dawo Tehran ranar 1 ga Fabrairun 1979, cikin ƴan kwanaki ya naɗa shi faraministan gwamnatin riƙo.

A nan akwai kuskuren da masu sukarsa ba su yafe masa ba, kuma suna da gaskiya. Wajen naɗin, Khumaini ya bayyana cewa ikonsa na addini ne ya ba shi damar naɗa gwamnati, saɓa mata kuwa saɓa wa shari'a ne. Mutumin da ya yi zaman kaso saboda kundin tsarin mulki ya karɓi kujera a kan wannan sharaɗi. Sunansa da mutuncinsa ne suka kwantar wa ƴan boko da ma'aikatan gwamnati da hafsoshin soja hankali, suka sallama wa sabon tsari.

Bai daɗe ba ya gane cewa mulkin ba a hannunsa yake ba. Akwai Majalisar Juyin Juya Hali, akwai kwamitocin unguwanni masu ɗauke da makamai, akwai kotunan juyi da ke yanke hukuncin kisa cikin sa'o'i, ga kuma Dakarun Kare Juyin Juya Hali da aka kafa a watan Mayu. Ya yi ta ƙorafi a talabijin a kan kashe-kashen da ake yi ba tare da lauya ko ɗaukaka ƙara ba, amma aka ci gaba. Shi da kansa ya kwatanta gwamnatinsa da wuƙar da ƙota kawai gare ta. Ya so a saka kalmar dimokuraɗiyya a sunan sabuwar jamhuriyar, Khumaini ya ƙi.

Abin da ya fi ciwo shi ne maganar kundin tsarin mulki. Daftarin farko da gwamnatinsa ta fitar a watan Yuni ya yi kama da na Faransa, babu maganar malamin da zai zauna a saman shugaban ƙasa. Khumaini ya amince da shi da ƴan gyare-gyare, har ya so a kai shi ƙuri'ar raba gardama kai tsaye. Bazargan ya ce a'a, an yi wa jama'a alkawarin majalisar da za su zaɓa ta duba daftarin, sai an cika. Aka zaɓi Majalisar Ƙwararru mai kujera 73, malaman addini suka mamaye ta, suka shigar da wilayatul faƙih, wato jagorancin malami a kan komai. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Cikin ikon da sabon kundin ya ba Jagora har da ayyana yaƙi da yin sulhu. A riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Ranar 1 ga Nuwamba Bazargan ya gana da mai ba shugaban Amurka shawara kan tsaro, Birzinski, a babban birnin Aljeriya. Bayan kwana uku ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran suka yi garkuwa da ma'aikatansa. Gwamnati ta nemi a sake su, Khumaini ya goyi bayan ɗaliban. Bazargan ya ajiye aiki tare da ministocinsa duka. An riƙe Amurkawa 52 har kwana 444, kuma wannan ya bar Iran ba ta da aboki a duniya daidai lokacin da za ta fi buƙatarsa.

Yaƙin kare kai, da abin da ya biyo baya

A 1980 mutanen Tehran suka zaɓe shi ɗan majalisa. A watan Satumba na shekarar Saddam ya yi watsi da yarjejeniyar kan iyaka da ƙasashen biyu suka ƙulla a Aljeriya a 1975, ranar 22 ga wata kuma ya tura jirage da tankoki cikin Iran. Yana son mashigin ruwan Shaɗɗul Arab, yana tsoron juyin ya tsallako wurin ƴan Shi'ar Iraƙi, yana kuma ganin sojojin Iran sun raunana saboda korar hafsoshi da aka yi. A wannan mataki babu gardama a Iran. Bazargan da ƙungiyarsa sun goyi bayan kare ƙasa. Mustafa Chamran, wanda ya fito daga wannan ƙungiya kuma ya riƙe ma'aikatar tsaro a gwamnatin Bazargan, a fagen daga aka kashe shi a watan Yunin 1981.

Ƙasashen Musulmi sun yi ƙoƙarin shiga tsakani. Taron da suka yi a Ɗa'ifa farkon 1981 ya ɗora aikin a kan kwamitin da shugaban Gini Ahmad Seku Ture ya jagoranta, bayan rasuwarsa a 1984 Dauda Jawara na Gambiya ya karɓa. Sun yi ta kai da kawo tsakanin Tehran da Bagadaza. Ministan harkokin wajen Aljeriya, Muhammad Siddiƙ Bin Yahya, a kan wannan aiki ya rasa ransa, lokacin da aka harbo jirginsa kusa da iyakar Iran da Turkiyya a watan Mayun 1982.

Bayan ƙwato Khurramshahar ne hanya ta rabu biyu. Ranar 12 ga Yuli Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi a tsagaita wuta. Washegari sojojin Iran suka tsallaka cikin Iraƙi suka nufi Basra.

Adalci ne a faɗi hujjar waɗanda suka zaɓi ci gaba, don ba hujjar banza ba ce. Sun ce Saddam ba abin yarda ba ne, in aka bar shi ya huta zai sake dawowa. Sun ce har yanzu akwai yankunan Iran da ke hannunsa, kuma biranen kan iyaka suna cikin zangon igwarsa. Sun tuna cewa a 1980, lokacin da Iraƙi ke cikin ƙasarsu, Kwamitin Sulhu ya ce a daina faɗa kawai, bai ce Iraƙi ta fita ba, bai kuma ambaci wanda ya fara ba. Suna son a hukunta mai laifi, a biya diyya. Ta fuskar addini suna kafa hujja da ayar Suratul Hujurati da ta yi maganar ɓangarori biyu na muminai da ke faɗa da hukuncin wanda ya yi zalunci a cikinsu. Daga baya manufar ta faɗaɗa, ta koma kifar da gwamnatin Ba'as, isa Karbala, daga can a wuce Ƙudus.

Bazargan da abokansa suka amsa da cewa kare gida wajibi ne, amma shiga gidan wani don canza masa shugaba wani hukunci ne dabam, kuma yana buƙatar tasa hujjar. Sojan Iraƙi da ake kashewa a bakin Basra shi ma Musulmi ne, yawanci dole aka yi masa ya sa kaki. Sun ce manyan ƙasashe ba za su taɓa barin Iran ta ci Bagadaza ba: Tarayyar Sobiyat da Faransa suna sayar wa Saddam makamai, ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suna ba shi kuɗi, Amurka ma ta karkata gare shi. Sun ce lokacin da ya fi dacewa a zauna teburin sulhu shi ne ranar da kake da nasara a hannu, kafin ta zube. Da farko wasiƙu suka riƙa aika wa manya a asirce. Da suka ga shiru, suka fara buga takardu da ƙasidu suna rabawa, har da wani dogon nazari kan yaƙi da sulhu a tsakiyar shekarun 1980.

Wa ke da ikon tambaya?

A ganina nan ne zuciyar labarin take. Mutum yana iya karanta hujjojin biyu ya karkata ga na farko, ba laifi. Abin tambaya shi ne, a ina aka auna su? Shawarar tsallaka iyaka an yanke ta ne a zaman manyan jami'ai da kwamandoji tare da Khumaini. Majalisar da jama'a suka zaɓa ba ta da ƙuri'a a kai, saboda kundin da muka ambata ya ba Jagora wannan iko. Shekaru bayan haka ɗan Khumaini, Ahmad, ya ce mahaifinsa ya fi son a tsaya bayan Khurramshahar, jami'an da ke tafiyar da yaƙin ne suka shawo kansa. Har yau ana jayayya a Iran a kan wane ne ya ce me a wannan zama. Yaƙin da ya ci rayukan dubun dubatar mutane, amma a rasa takardar da kowa zai duba ya ga wanda ya ɗauki alhaki.

Shi kuwa mai tambaya ya sha wuya. A 1981 ya tashi a majalisa yana sukar yawan hukuncin kisa, ƴan majalisa suka yi masa ihu har ya kasa gama jawabinsa. A watan Nuwamban 1982 ya rubuta wa shugaban majalisa Hashimi Rafsanjani buɗaɗɗiyar wasiƙa a kan tsoro da firgicin da aka jefa jama'a a ciki. Ƴan daba sun far wa ofishin ƙungiyarsa. Jaridun gwamnati suna kiransa ɗan koren Amurka, mai raunana gwiwar mayaƙa. Ƙungiyarsa ta ƙaurace wa zaɓen majalisa na 1984 saboda babu ƴancin yaƙin neman zaɓe. A 1985 ya nemi tsayawa takarar shugaban ƙasa, wanda da ya ba talakawa damar jin ɗaya ɓangaren maganar yaƙin, Majalisar Kare Tsarin Mulki ta soke sunansa.

Ba shi kaɗai aka rufe wa baki ba. A watan Nuwamban 1986 asiri ya tonu cewa Amurka, wadda ake la'anta kullum a huɗuba, tana sayar wa Iran makamai a ɓoye, har jakadanta ya zo Tehran. Ƴan majalisa takwas, ƴan cikin gida ba ƴan adawa ba, suka rubuta wa ministan harkokin waje tambaya. Khumaini ya yi musu faɗa a bainar jama'a, suka janye tambayar.

A Iraƙi abin ya fi haka muni. Can babu wani Bazargan da zai rubuta wasiƙa ya kwana a gidansa. A 1982 aka kashe ministan lafiya Riyad Ibrahim, kuma labarin da ya fi yaɗuwa shi ne ya ba da shawarar Saddam ya ɗan sauka na wani lokaci don a samu sulhu. Mutum ɗaya ya fara yaƙin, ya ci bashin biliyoyin daloli, ya yi amfani da makamai masu guba, babu wanda ya isa ya ce masa don me. Shekara biyu bayan an gama, bashin nan yana cikin abin da ya kai shi mamaye Kuwait.

Shekarar 1988

Iran ta kama yankin Faw a 1986, ta yi babban yunƙuri a kan Basra farkon 1987 ta kasa shiga, samari suka zube ba adadi. A watan Yulin 1987 Kwamitin Sulhu ya fitar da ƙuduri mai lamba 598, Iran ba ta karɓa ba. Shekarar 1988 ta shigo da makamai masu linzami suna sauka a Tehran, mutane suna gudu daga birnin. A watan Maris Saddam ya zuba guba a garin Halabja na Kurdawa, dubbai suka mutu. A watan Afrilu Iraƙi ta ƙwace Faw.

A watan Mayu ƙungiyar Bazargan ta fitar da buɗaɗɗiyar takardar gargaɗi, wannan karon kai tsaye ga Khumaini. Ta ɗora masa alhakin ci gaba da yaƙin, ta ce babu nasarar da ke tafe, ta nemi a tsaya. Ba a saba jin wani a cikin ƙasar ya yi wa Jagora magana haka ba. Aka kama wasu daga cikin abokan Bazargan, aka rufe ofishinsu. Shi kansa an bar shi, wataƙila saboda shekarunsa da tsohuwar alaƙarsa da Khumaini.

Ba a yi wata uku ba, ranar 18 ga Yuli, Iran ta karɓi ƙuduri 598. Khumaini ya kwatanta wannan mataki da shan guba. Aka tsagaita wuta ranar 20 ga Agusta, iyaka tana inda take tun farko, Saddam yana kan kujerarsa, ba a biya diyya ba. Ta lissafin hukumomin Iran kansu, mutanensu kusan dubu 200 ne suka mutu, ban da nakasassu da waɗanda guba ta lalata wa huhu. Cikin shekara takwas na yaƙin, shida sun zo ne bayan Khurramshahar.

A 2006 Rafsanjani ya fito da wata wasiƙar sirri da Khumaini ya rubuta wa manyan jami'ai a watan Yulin 1988. A ciki an ga cewa kwamandan Dakarun Juyi, Muhsin Riza'i, ya sanar da shi babu nasara nan da shekara biyar, kuma ko bayan haka sai an samu tarin makaman da ƙasar ba ta da halin saye. Masu kula da tattalin arziki kuma sun ce baitulmali ya ƙare. Wato abin da aka kama mutane saboda sun faɗa a watan Mayu, shi ne kwamandoji suka rubuta a asirce bayan ƴan makonni. Talaka kaɗai aka bari a duhu, ana ce masa nasara ta kusa.

Masu sukar Bazargan ma ba su tashi a tutar babu ba. Bayan Iran ta karɓi ƙudurin, Saddam ya sake kutsawa cikin ƙasarta na ƴan kwanaki, abin da ya nuna rashin yarda da shi yana da tushe. A watan Disamban 1991 kuma babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana a rahotonsa cewa Iraƙi ce ta fara yaƙin. Amma wannan shaida ta teburin sulhu ta fito, ba daga bakin Basra ba.

Abin da ya rage

Akwai masu cewa tuhumar shugaba a lokacin yaƙi ɗabi'ar Turawa ce. Ban san inda suka samo wannan ba. Duk yaron da ya karanta sira ya san cewa a Badar, Hubabu ɗan Munzir ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko wurin da aka sauka wahayi ne ko dabarar yaƙi, da ya ji dabara ce ya kawo tasa shawarar, aka kuma bi ta. Kafin Uhudu an yi shawara a fili, aka bi ra'ayin masu rinjaye. In an tambayi wanda wahayi ke sauka gare shi, wane ne kuma ya fi ƙarfin tambaya? A zamaninmu ma an gani. Ranar 1 ga Maris 2003, majalisar Turkiyya ta ƙi ba sojojin Amurka izinin bi ta ƙasarta su shiga Iraƙi, duk da cewa gwamnati ce ta kawo buƙatar kuma jam'iyyarta ce ke da rinjaye. Ƙasar Musulmi ce, kuma sama ba ta faɗo ba. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Bazargan bai daina ba bayan yaƙin. Khumaini ya rasu a watan Yunin 1989. A 1990 shi da wasu mutane, su 90, suka rubuta wa shugaba Rafsanjani suna neman a mayar wa jama'a haƙƙoƙin da kundin tsarin mulki ya ba su. Aka kama sama da ashirin daga cikinsu, har da ɗansa. A ƙarshen rayuwarsa ya sake duba tunaninsa na shekara hamsin, ya yi wata lacca da ta tayar da ƙura, inda ya nuna cewa manufar aiko annabawa ita ce sanin Allah da lahira, tsarin gwamnati kuwa aikin mutane ne da za su yi da hankalinsu, su kuma ɗauki alhakinsa. Wasu tsofaffin almajiransa ba su ji daɗin wannan ba, suna ganin ya ja da baya. Shi kuwa ya ga abin da ke faruwa idan aka lulluɓe shawarar ɗan Adam da rigar addini har ta gagari tambaya.

Ya rasu ranar 20 ga Janairun 1995 a birnin Zurik na Suwizalan, yana kan hanyar neman maganin ciwon zuciya, yana da shekara 87. Aka dawo da gawarsa aka rufe a birnin Ƙum. Bai hana yaƙin ci gaba ko da kwana ɗaya ba, kuma yana da nasa kason a cikin ginin tsarin da ya rufe masa baki. Amma takardunsa suna nan da kwanan wata a jikinsu, duk ɗan Iran da ke son sanin ko an yi gargaɗi kafin a kai ɗan'uwansa Basra zai iya dubawa. Allah ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan Musulmin da suka kwanta dama a ɓangarorin biyu.